Petrozavodsk, Voronezh ko Tunguska: wanne za ka bi har tushe?

Duk wanda ya taɓa shiga intanet neman labaran abubuwan al'ajabi da aka gani a samaniyar Rasha ya san yadda ake zubo masa su: goma, ashirin, a jere, da murya ɗaya da kiɗa mai tayar da tsigar jiki, kai ka ce duk nauyinsu ɗaya. Rashawa suna kiran irin waɗannan abubuwa NLO, abin da sauran duniya ke kira UFO, wato abu mai shawagi a sama da ba a gane ko mene ne ba. Iyakar abin da sunan ya faɗa ke nan, ba a gane ba. Masu ba da labari ne suke ƙara masa baƙin halittu daga wata duniya.

Idan lokacinka da datarka ba su da yawa, kuma kana so ka ɗauki labari guda ka bi shi har tushe, ko don ka koyar da ɗalibai, ko don shirin rediyo, ko don kashe ƙishirwar kanka, sunaye uku ne za su yi ta dawo maka: fashewar Tunguska ta 1908, hasken Petrozavodsk na 1977, da saukar baƙi a Voronezh a 1989. Ni dai Petrozavodsk na zaɓa, gara in faɗa tun da wuri. Amma akwai mutumin da Tunguska ta fi dacewa da shi, kuma zan nuna ko wane ne.

Ma'aunin da zan auna su da shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman da suka tace ruwayoyi sun koya mana mu tambaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, mutum nawa suka gani, kuma zai yiwu su haɗa baki? Sai in ƙara tambaya ɗaya: bayan taro ya watse, me ya rage a hannu?

Bari mu fara da Voronezh, tunda ita ce ta fi daɗin ji. Birni ne babba, kimanin kilomita 500 kudu da Mosko. An ce da yammacin 27 ga Satumba, 1989, wasu yara suna ƙwallo a wani lambun shaƙatawa sai ga wani abu mai kamar ƙwallo ja ya sauko, ƙofa ta buɗe, wani halitta mai tsawon kusan mita uku da idanu uku ya fito tare da wani ɗan mutum-mutumi. Wasu jaridun suka ƙara da cewa ya nuna wani yaro da wani bututu, yaron ya ɓace, bai sake bayyana ba sai da jirgin ya tashi. Abin da ya kai labarin ko'ina a duniya shi ne bakin da ya faɗe shi. Ranar 9 ga Oktoba kamfanin dillancin labarai na TASS, wanda shekara da shekaru shi ne muryar gwamnatin Tarayyar Sobiyet, ya watsa shi a matsayin gaskiya, har ya ce masana sun tabbatar da wurin saukar kuma sun tsinci duwatsun da babu irinsu a doron ƙasa.

To a nan ne igiyar ta fara tsinkewa. Masanin da aka jingina wa maganar, Genrikh Silanov, shugaban wani ɗakin binciken ƙasa a birnin, ya fito ya ce duwatsun tama ce ta ƙarfe da aka saba gani, ya kuma ja kunnen 'yan jarida da kada su yarda da duk abin da suka ji daga TASS. Ita kuwa "tabbatar da wurin saukar", da sanda aka yi ta, irin yadda wasu ke neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa rijiya. Ɗan burbushin nukiliya da aka samu a ƙasar lambun an danganta shi da hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, wanda ƙurarsa ta bazu a faɗin yankin. Akwai kuma wata alama da aka ce an gani a jikin jirgin, mai kama da harafin Rashanci Ж. Wannan alama tana cikin wani tsohon labarin baƙi da ya yi tashe a Sifaniya tun shekarun 1960 da sunan Ummo, wanda daga baya wani ɗan ƙasar, José Luis Jordán Peña, ya amsa cewa shi ya ƙirƙira.

Ban ce yaran maƙaryata ba ne. Yaro yakan ga abu, manya su kewaye shi da tambayoyi da na'urar ɗaukar hoto, kullum labarin yana ƙara ƙiba. Amma lambu ne a tsakiyar gidaje masu benaye, da sauran hasken rana, kuma ginshiƙin labarin gaba ɗaya yana kan yara ƙalilan. Babu hoto ko ɗaya na abin. A lura kuma da lokacin. Shekarar 1989 ce, shugaban Sobiyet Gorbachev ya kwance wa jaridu takunkumi, ƙasa tana tangal-tangal, a wannan watan na Oktoba Anatoly Kashpirovsky yana "warkar" da miliyoyin mutane ta talabijin, Allan Chumak kuma yana sa su ajiye tulun ruwa a gaban akwati don ya zuba masa ƙarfi. Wata guda bayan rahoton TASS katangar Balin ta faɗi. Wanda yake son ya fahimci yadda al'umma take buɗe baki ga kowane labari idan abin da ta dogara da shi ya fara rushewa, Voronezh za ta yi masa amfani. Wanda yake neman abin da ya faru a sama zai fito hannu rabbana.

Tunguska daban take. A nan babu mai gardama cewa abu ya faru. Da misalin ƙarfe 7 na safiyar 30 ga Yuni, 1908, wani abu ya fashe a sama da dajin Sibiriya, kusa da kogin Podkamennaya Tunguska. Ya kwantar da itatuwa kimanin miliyan 80 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,150. Ka ƙaddara fili mai kilomita 46 a tsawo da 46 a faɗi, duk bishiyar da ke ciki a kwance. A Vanavara, wani ƙaramin zangon kasuwanci mai nisan kusan kilomita 65, iska ta ɗauke mutum daga barandar gidansa ta jefar, ya ce ya ji kamar rigarsa ta kama wuta. Makiyayan ƙabilar Evenki sun yi asarar dabbobi da bukkoki. Na'urorin auna girgizar ƙasa sun ji abin, na auna nauyin iska kuwa sun ji shi har Ingila, kuma a dararen da suka biyo baya sama ta yi haske a Turai har mutane na karanta jarida a waje da tsakar dare.

Shekara 19 aka yi kafin masani ya taka tsakiyar wurin, saboda nisa, da fadama, da yaƙi, da juyin juya hali. Leonid Kulik ya isa a 1927 yana sa ran zai tarar da ƙaton rami da ƙaton dutse. Bai sami ko ɗaya ba. Abin da ya tarar ya fi ban mamaki: a gefe itatuwa kwance, kawunansu suna nuna waje, a tsakiya kuma suna tsaye ƙyam, ba reshe ba ganye, kamar turakun waya. Ya yi ta komawa. Ya taɓa yashe wani kududdufi yana zaton shi ne ramin, sai ya tarar da tsohon kututture a ƙasansa, alamar kududdufin ya girmi fashewar. Kulik ya rasu a 1942 a hannun Jamusawa, fursunan yaƙi, bai riƙe dutsen da ya ƙare rayuwarsa yana nema ba. Duk lokacin da na kai nan a labarinsa sai jikina ya yi sanyi.

Baƙin sama sun shigo labarin Tunguska ne a 1946, ta alƙalamin marubucin ƙagaggun labarai Alexander Kazantsev. Bayan an jefa bam a Hiroshima aka lura cewa abubuwan da ke daidai ƙarƙashin fashewar sun tsaya, na gefe suka zube. Sai ya rubuta ɗan labari cewa jirgin wata duniya mai aiki da nukiliya ne ya tarwatse a saman dajin. Ya dace da gaskiya a abu ɗaya, a sama abin ya fashe, tsakanin kilomita 5 zuwa 10 daga ƙasa, shi ya sa babu rami. Sauran kuwa ƙage ne da mutane suka manta ƙage ne. Masu binciken da suka biyo baya, irin su Kirill Florensky, sun tace ƙasar wurin suka samu ƙananan ƙwayoyi na narkakken dutse da ƙarfe masu ɗauke da nikel, irin abin da dutsen sama ke bari. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne abu mai faɗin mita 50 zuwa 60 da ya shigo da gudun da iska ba ta bar shi ya kai ƙasa ba.

Sai ga shi ranar 15 ga Fabrairu, 2013, Allah ya nuna wa duniya ƙaramin samfuri a Chelyabinsk. Dutse mai kusan mita 20 ya fashe a sama, kyamarorin motoci suka ɗauka ta kowace kusurwa, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, galibi daga fasassun gilasan taga, daga baya aka ciro ɓallinsa mai nauyin fiye da kilo 600 daga tafkin Chebarkul. Mu ma ba baƙi ba ne ga saƙon sama. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi, kuma bincike ya nuna daga duniyar Mars ya ɓallo. Malamin kimiyya da ke neman abin da zai kama hankalin aji, ya ɗauki Tunguska ya ɗaura ta da Zagami, ba zai yi da-na-sani ba. Har yau da sauran muhawara ta gaskiya a ciki: dutse ne ko dunƙulen ƙanƙara irin na tauraruwa mai wutsiya, kuma tafkin Cheko da ke kusa rami ne da wani ɓalli ya haƙa, kamar yadda wasu masanan Italiya suka kawo a 2007, ko tsohon tafki ne. Abin da kawai zan ja kunne a kai, Tunguska ba labarin UFO ba ne. An saka mata rigar ne bayan shekara 38.

Yanzu ga wanda na zaɓa.

Petrozavodsk ita ce hedikwatar Karelia, a bakin tafkin Onega, arewa maso yammacin Rasha. Da misalin ƙarfe 4 na asubar 20 ga Satumba, 1977, waɗanda ke farke, direbobi, masu gadi, ma'aikatan motar asibiti, ma'aikatan tashar jiragen ruwa, suka ga wata ƙatuwar tauraruwa ta kama haske, tana tafiya a hankali. Sai ta buɗe kamar laima, siraran igiyoyin haske suna saukowa daga gare ta kamar ruwan sama. Rashawa suka kamanta ta da meduza, wata halittar teku mai jiki kamar laima da jijiyoyi masu lilo, kuma da wannan suna aka san abin har yau. Ya ɗauki minti 10 zuwa 12, sannan ya dusashe ta wajen tafkin. TASS ta ba da labarin, shugaban tashar duba yanayi ta birnin ya ce ma'aikatansa ba su taɓa ganin irinsa ba. Kuma ba a Petrozavodsk kaɗai aka gani ba. An gani a Leningrad (St. Petersburg ta yanzu), an gani a Helsinki da wasu garuruwan Finland, ƙasar da ke wajen ikon Sobiyet.

Ka ga bambancinsa da Voronezh. Shaidu masu yawa, manya, a garuruwan da ɗaruruwan kilomita suka raba, a ƙasashe daban, a sa'a guda. Waɗannan ba za su haɗa baki ba. Sun ga abu, kuma yadda suka siffanta shi ya yi daidai da abin da ya bayyana a sama.

Kusan kilomita 350 gabas maso arewa da Petrozavodsk, a cikin dajin lardin Arkhangelsk, akwai wani wuri da ake kira Plesetsk. An kafa shi a 1957 a matsayin sansanin makamai masu linzami masu ƙetare nahiya, daga baya ya zama tashar harba taurarin ɗan Adam, galibi na soja. A wannan asuba, a daidai wannan lokaci, an harba roka daga can ɗauke da tauraron leƙen asiri mai suna Kosmos-955. James Oberg, injiniya Ba'amurke mai bin diddigin harkar sararin samaniyar Sobiyet, shi ne ya shahara da haɗa abubuwan biyu.

Yadda abin ke faruwa kuwa ba shi da wuya. A ƙasa duhu ne, amma can sama, kilomita ɗari da wani abu, rana ta riga ta fito. Roka ta kutsa cikin wannan haske tana fesa hayaƙi. A can babu iskar da za ta matse hayaƙin ya zama siririn layi kamar na jirgin fasinja, sai ya baje ya yi faɗin kilomita masu yawa, rana ta haska shi, mutumin da ke cikin duhu ya ga laima mai walƙiya da igiyoyi. Kuma idon ɗan Adam ba ya iya auna nisan haske a sararin da babu komai kusa da shi. Shi ya sa mutumin Petrozavodsk ya rantse abin a kan garinsu ya tsaya, na wani garin ma ya rantse a kan nasu ne. Kamar jinjirin wata, kowa yana ganinsa a saman gidansu.

To me ya sa hukuma ba ta faɗi haka washegari ba? Saboda a hukumance babu Plesetsk. Gwamnatin Sobiyet ba ta ambaci tashar a fili ba sai 1983, alhali tun 1966 wani malamin kimiyya a makarantar sakandaren Kettering a Ingila, Geoffrey Perry, shi da ɗalibansa, sun bi siginar tauraron Kosmos-112 da rediyo suka lissafa cewa daga wata sabuwar tasha a arewa aka harba shi. 'Yan makaranta a Ingila sun sani, mazauna Karelia ba a yarda su sani ba. Masana suka riƙa kewaye-kewaye, wannan ya ce dutsen sama, wancan ya ce hasken da kan bayyana a samaniyar arewa. Inda aka rufe bakin mai gaskiya, jita-jita ce take zama sarauniya. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a labarin, mutane sun ga abu da idanunsu, sun faɗi gaskiya, sannan aka bar su shekaru tsakanin masu yi musu dariya da masu sayar musu da baƙin sama.

Dalilina na biyu na fifita Petrozavodsk shi ne, mabuɗi ne da ke buɗe ƙofofi da yawa. A 1967 mutanen kudancin Sobiyet, daga Yukren zuwa Kaukasus, sun yi ta ganin wani abu mai siffar jinjirin wata yana ratsa sama da magariba. Felix Zigel, malami a kwalejin koyon ƙera jiragen sama ta Mosko wanda ake ɗauka uban wannan fanni a Rasha, ya fito a talabijin a watan Nuwamba na shekarar yana roƙon jama'a su aiko da abin da suka gani. Da aka jera ranakun daga baya, sai suka yi daidai da gwajin wani makami da ake harbawa daga tashar harba rokoki ta Baikonur, ya kusan zagaya duniya sannan ya faɗo. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar hana ajiye makaman nukiliya a sararin samaniya, ka ga ba abin da gwamnati za ta so a yi ta tattara bayanai a kansa ba ne. Ba a daɗe ba aka rufe kwamitin binciken UFO na su Zigel. Haka ma ranar 9 ga Disamba, 2009, mutanen arewacin Norway suka wayi gari da wani farin haske yana murɗawa a sama kamar gammo. Washegari ma'aikatar tsaron Rasha ta amsa cewa makaminta Bulava, da aka harba daga jirgin ƙarƙashin ruwa, ya samu matsala. Wanda ya fahimci Petrozavodsk zai gane waɗannan da kansa.

Sirrin ma bai tsaya ga rokoki ba. A shekarun 1960 taurarin leƙen asirin Amurka sun hango wani ƙaton abu a Tekun Kaspiyan, tsawonsa ya haura mita 90, da gajerun fukafukai, yana gudu 'yan mitoci sama da ruwa. Suka sa masa suna dodon Kaspiyan. Ƙirar injiniya Rostislav Alexeyev ce, jirgi mai hawa kan iskar da ke matsuwa tsakanin fukafukinsa da fuskar ruwa. Ka tuna masuncin da ya gan shi da asuba, ba wanda zai tambaya.

Dalili na uku, Petrozavodsk ta haifi bincike mai takardu. A 1978 aka kafa shirin sirri mai suna Setka, reshe ɗaya a ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta ƙasa bisa jagorancin Vladimir Migulin, ɗayan a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Aka umarci sojoji a faɗin ƙasar su rubuto duk abin da suka gani a sama ba su gane ba. An yi shekara 13 ana wannan aiki. A 2000 mutum biyu daga cikin jagororinsa, Yuli Platov da Kanar Boris Sokolov, suka wallafa sakamakon: rahotanni kusan 3,000, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abubuwan da aka bincika harbin roka ne ko balan-balan na bincike, kuma ba su sami shaidar baƙi ba. Sauran kason da ya rage ba su iya warware shi ba, sun kuma faɗi haka.

Ba zan ɓoye raunin zaɓina ba. Akwai waɗanda suka ce sun ga haske sa'o'i kafin a harba rokar, akwai labarin ramukan da aka ce an gani a gilasan tagogi, kuma wasu masanan Sobiyet, ciki har da Lev Gindilis, sun ce harbin shi kaɗai bai bayyana kowane rahoto ba. Ni a ganina, idan labari ya cika gari, duk wanda ya ga wani abu a wannan dare sai ya jingina shi da babban lamarin, kuma agogon mutumin da ya firgita ba abin dogaro ba ne. Amma wannan ra'ayina ne, kuma saura ne da mai bincike zai iya sa hannu a kai. Wanda kuma yake neman labarin da zai hana shi barci, Petrozavodsk za ta gwale shi, domin ƙarshenta roka ce.

Saboda haka, mai shirya labarin nishaɗi da ya nace sai Voronezh, ya ba da ita tare da maganar Silanov da alamar Ummo, kada ya yanke labarin a inda ya fi daɗi. Malamin makaranta da mai son ilimin taurari su tafi Tunguska. Ɗan jarida, da ɗalibin tarihi, da duk wanda ake turo wa bidiyon haske a WhatsApp ana tambayarsa ko mene ne wannan, su fara da Petrozavodsk. Hanyar aikin a buɗe take: ka rubuta rana, da sa'a, da garin da aka tsaya, da ɓangaren da aka fuskanta, ka mayar da sa'ar zuwa agogon GMT, sannan ka duba jerin rokokin da aka harba a duniya, wanda yanzu kowa ke iya samu a intanet. Idan ka gwada da 20 ga Satumba, 1977, ƙarfe 4 na asuba agogon Mosko, wato ƙarfe 1 na dare agogon GMT, za ka tarar da Kosmos-955 a rubuce, da sunan Plesetsk a gefensa.